Baba Ɗangana da Kadunar Bayan Masu Banda

Kafin masu kamun kifi da koma su fito daga ruwa, Baba Ɗangana ya riga ya iso. Yana sauka daga tsohon kekensa a bayan rumfunan masu bandar kifi na kwatar Yauri, ya jingine shi, ya cire hula ya yi 'yar addu'arsa irin ta Kirista a tsaye, sannan ya ɗauki bokiti ya gangara gulbi. Ba ya aiken kowa. Shi zai ɗebo ruwan, shi zai tace da tsohuwar riga, ya sake tacewa, domin aikinsa ba ya shiri da yashi. In ya gama sai ya share gaban rumfarsa, ya zauna a kan wani kututturen giginya yana jira. Hayaƙin banda ya daɗe da baƙanta kwanon rumfar, idanunsa kuwa kullum jajur suke kamar na wanda bai yi barci ba.

Abin da yake jira buhu ne. Aikinsa a buhu yake zuwa, a ɗaure, a kan baro, mai turo baron yana waige-waige kamar ya sato akuya.

Wannan mutumin ne kwamitin kwata ya ce ya kwashe komatsansa ya bar rumfar kafin ruwan farko ya sauka, wai ba a san amfaninsa ba. Ku ji fa. Ba a san amfaninsa ba! To ga amfanin nasa a rubuce, wanda bai iya karatu ba a karanta masa.

Wanda bai taɓa kwance injin jirgi ba, bari a yi masa bayani. Gangar injin alminiyon ce, laushi gare ta. Notin da ke ɗaure da ita ƙarfe ne. In suka daɗe tare cikin laima sai su kama juna kamar an yi musu walda. Makanike ya zo da sifana, noti ya ƙi juyawa. Maimakon ya dakata, sai ya zura dogon bututu a bayan sifanar ya hau da ƙarfinsa duka. Ƙas! Kai ya fita, gindi ya zauna a rami. Sai ya ɗauko diril zai huda guntun, bakin diril ya karye a ciki. In ma ya yi sa'a ya huda, sai ya kawo taf, wato ƙarfen da ake yanka wa rami sabon zare da shi, ya murɗa da garaje, shi ma ya karye. Taf kuwa ya fi kowane bakin diril tauri. Zarto ba ya cinsa, guduma ba ta motsa shi. In ka matsa, gangar ce za ta tsage, injin da mutum ke ci da iyalinsa da shi ya koma hannun 'yan gwangwan.

A nan aikin kowa ke ƙarewa, na Ɗangana ya fara.

Ɗan manoma ne, daga duwatsun da ke bayan Ngaski. Yana saurayi ya ƙetara New Bussa neman aiki, ya faɗa wani garejin gyaran manyan injuna, a can ya ga na'urar da ke cin ƙarfe da tartsatsin wuta. Bai da hanyar mallakar irinta, sai ya dawo da ita a kansa. Wadda ke rumfarsa yau shi ya haɗa ta, kuma ba ta da kyan gani ko kaɗan: hanjin tsohon injin walda, da wani naɗin waya da ya naɗa da hannunsa, da ɗan famfon wanke gilashin mota. A bakinta akwai siririn bututun jan ƙarfe irin na bayan firij. Yana maƙala waya ɗaya a jikin gangar, ya saita bututun daidai tsakiyar abin da ya karye, ya tayar da janareta. Ruwa na bi ta cikin bututun yana zuba a ramin, bututun na rawa sama da ƙasa, duk sanda ya kusanci ƙarfen sai tartsatsi ya tashi a cikin ruwan, tsit, tsit, tsit. Kowane tartsatsi ya gutsuri ƙarfen kaɗan, ruwa ya wanko shi baƙi ƙirin. Wutar ba ruwanta da taurin taf. Haka za a yi ta yi har cikinsa ya rarake, ya rage 'yan haƙora a gefe, ya sa tsinken ƙarfe ya ɓanɓaro su. Zaren ramin yana nan lafiya lau. Ka kawo sabon noti ka ɗaura da yatsa biyu, ya shige sumul.

Faɗarsa da sauƙi. Amma wani ramin sai ya ci wuni. Mutumin nan zai zauna a duƙe, kunnensa na kan kukan tartsatsin, bai kula rediyo, bai kula mai tallan fura. In kukan ya sauya ya ɗaga bututun, ya goge, ya sake saitawa. Ya kauce da faɗin gashi, gangar ya ci, ba taf ba. A haka bayansa ya ranƙwafa.

Ba injin jirgi kaɗai ba. Famfon ban-ruwan masu albasa ya bi ta rumfar nan. Injin niƙan wani ƙauye a Shanga ya taɓa tsayawa ana gobe biki, mata suka koma turmi suna tsine wa mai injin, ta rumfar nan ya bi ya tashi. Jirgin da ke ɗauko marasa lafiya da masu naƙuda daga tsibirai, injinsa ya kwana a ƙarƙashin kwanon nan ba sau ɗaya ba. To me ya sa ba a san shi ba?

Kalma ɗaya ce ta binne shi: Kaduna.

Tun shekarun baya wani makanike, Allah kaɗai ya san ko wane ne, ya karya taf a injin mutane, ya ji nauyin ya ce shi ya yi ɓarnar, kuma wani ɗan Kambari a bayan masu banda ne zai fitar da shi kunya. Sai ya dafa gangar ya girgiza kai ya ce wa mai jirgi, "Wannan ya fi ƙarfin Yauri. Sai Kaduna." Mai jirgi ya ba da kuɗin mota har da addu'ar sauka lafiya. Makanike ya zagaya ta bayan kasuwa da baro. Da aka gama ya tura buhun ƙarƙashin benci ya yi 'yan kwanaki, ya yayyafa masa jar ƙasa, ya ɗaure da igiyar tasha, sannan ya kira mai shi ya ce kaya sun iso.

Wasa-wasa abin ya zama al'ada. Daga Yauri har Wara, har Tungar da ba ta da suna, in taf ya karye, Kaduna. Masu jirgi kan yi alfahari a majalisa: "Nawa injin ai Kaduna aka kai shi, aikin can daban ne." Su kuwa makanikai, a junansu abin dariya ne. Ka ji wani ya ce wa wani, "Tsare mini shago, zan leƙa Kaduna in dawo kafin azahar." Su kwashe da dariya su tafa. Da sunan mutum suke wasa, da guminsa, suna tafawa.

Ana nan sai kwamitin kwata ya tashi faɗaɗa wurin lodin motocin kifi da albasa. Ba laifi, wurin ya matse. Aka ce duk wanda sana'arsa ke yi wa bakin ruwa hidima za a bar shi, saura su tashi. Aka tara mutane a inuwar mangwaro, Salisu shugaban kwamiti yana kiran rumfa-rumfa, jama'a na shaida. Mai sayar da mai, kowa ya san shi. Mai ɗinkin koma, kowa ya san shi. Mai shayi ma sai da aka yi masa kabbara.

Salisu ya ce, "Ɗangana, rumfar ƙarshe. Wa ya san aikinsa?"

Aka dubi juna.

Wani mai jirgi ya ce, "Ba mai cajin batir ba ne?"

Wani ya ce, "A'a, ina jin gyaran rediyo yake. Kullum akwai abin da ke tsit-tsit a wajen."

Makanikai suna nan, sun cika benci guda. Wannan ya duƙa yana gyara takalmi, wancan ya tsura wa wayarsa ido kamar an aiko masa da mutuwa.

Salisu ya juya. "To baba, kai faɗa mana da bakinka. Me kake yi?"

Ɗangana ya miƙe da hula a hannu. Ya dubi bencin makanikai, ya daɗe yana dubansu, sannan ya ce, "Ina cire abin da ya karye."

Wani daga baya ya ce, "To ka nufi asibiti ka riƙa cire haƙori!"

Aka fashe da dariya. A cikin masu dariyar nan, wallahi, da wuya ka nuna mutum ɗaya wanda tukunyar gidansa ba ta taɓa hawa wuta albarkacin tsohon nan ba. Aka ce ya tashi kafin damina. Ya mayar da hularsa ya koma rumfa, domin akwai buhu na jiransa.

Da a nan maganar ta mutu, ba don Inna Ramatu ba.

Inna Ramatu dillaliyar busasshen kifi ce, tana da jirgi ɗaya da ke kai mata kaya kasuwar Wara, kuma ba a san ranar da wani ya fi ta baki a kwatar nan ba. Injinta ya fara zafi, aka kai wa Surajo makanike. Surajo ya kwance, ya karya noti, ya huda, ya karya taf. Da ta zo dubawa ya dafa gangar ya yi irin fuskar da suka gada.

"Inna, wannan sai Kaduna."

Ta ce, "Kaduna? Alhamdu lillahi! Ai ɗiyata Mardiya ta haihu can, ban samu zuwa barka ba. Gobe mu tahi tare, ni da kai da injin."

Surajo ya ce, "Inna, motar da nake shiga ta kaya ce, ba ta da daɗin zama."

"Ni da na tsufa cikin kwale-kwale, mota ce za ta ba ni tsoro?"

"Kuma can inda ake aikin mata ba sa shiga."

"Sai in tsaya ƙofa. Kai dai ka yi sammako."

Da safe sai ga ta a bakin shagonsa, ta sha leshi da mayafi, da jaka, da zannuwan jariri, da wani ƙaton ɗaurin kifi na tsaraba. Surajo ya ce direba bai fito ba. Ta ce a jira shi. Ya ce an ce hanya ba lafiya. Ta ce Allah na nan. Ta nemi wuri ta zauna a kan buhun injin kanta, ta ɗauko goro. Hantsi ya dubi ludayi tana zaune. Sauran makanikai suka riƙa giftawa suna ƙunshe dariya, wani har da cewa, "Surajo, a gaida mutanen Kaduna."

Da ya ga ba mafita, ya ɗora buhun a baro ya kama hanya, tana biye da ɗaurin kifi a ka.

"Kai Surajo, tasha ba nan take ba."

"Inna, ki dai biyo ni."

Suka ratsa masu gishiri, suka kutsa cikin hayaƙin banda tana tari tana kare leshinta, har rumfar ƙarshe. Ya ajiye baro ya share gumi, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Inna, mun iso."

"Mun iso ina?"

Ya ce a ƙasan maƙoshi, "Kaduna."

Ɗangana ya ɗago kai, ya dubi leshi, ya dubi jaka, ya dubi Surajo. Ya jawo benci ya kaɗe da hularsa.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Kun sha hanya."

Masu banda da suka ga abin sun ce ba ta yi zagi ba. Zama ta yi. Aka kwance buhu, aka saita bututu, janareta ya tashi. Da ta ga tartsatsi na walƙiya a cikin ruwa sai ta ja baya ta dafe ƙirji.

"Wuta cikin ruwa? Kai bawan Allah, wanga ba tsafi ba ne?"

Ya nuna janareta da haɓa. "Tsafin da ke shan fetur, Hajiya?"

Ta zauna nan har la'asar, da kayan tafiyarta, tana kallon baƙin ruwa na fita. Da ya ɓanɓaro haƙoran taf ɗin ya zuba mata a tafin hannu, ta jujjuya su.

"Bara ma an kai injin nan Kaduna."

Ya juya gangar ya nuna mata wani rami a ɗaya gefen. "Ga shi nan. Bakin diril ne wancan karon."

"To mi ya hana ka magana ran taro? Ina nan zaune, har ni na yi dariya."

Ya ce, "Hajiya, su ke turo baro. In na kwance musu zani a kasuwa, gobe wa zai turo? Kuma ni mutumin dutse ne. Baƙo ne ni a bakin ruwa."

"Baƙo? Tun ina goyon Mardiya nake ganin keken nan jingine a wurin nan. Ban dai taɓa tambayar mai shi ba."

Ta miƙe ta dire ɗaurin kifin a gabansa. Ya ce a'a, na mai jego ne. Ta ce, "Tsarabar Kaduna ce, kuma ga ni Kaduna. Ɗauki."

Ranar da kwamiti ya sake zama, Inna Ramatu ta shigo riƙe da hannun rigar Surajo kamar ta kamo ɓarawon takalmi. Salisu ya ce maganar rumfuna an rufe ta. Ta ce jirginta na biyan harajin kwata kamar na kowane namiji, don haka bakinta bai rufu ba.

"Duk wanda aka taɓa kai injinsa Kaduna, ya tashi tsaye."

Suka fara tashi, wasu har da ƙoƙarin gyara riga, sun ɗauka abin yabo ne. Inuwar mangwaro ta koma tsaye kusan duka. Salisu kansa ya ɗaga daga kujera.

Ta ce, "Madalla. Ku biyo ni in kai ku, ba kuɗin mota."

Haka ta ja su, manya da ƙanana, ta cikin hayaƙi har rumfar ƙarshe, ta sa Surajo ya faɗa da bakinsa. Ya faɗa. Wuri ya kaure. Aka yi kan makanikai da zagi, wani ya ɗauki filafilin tuƙa jirgi sai da aka riƙe shi. Kafin a watse Salisu ya ce rumfar ta zauna, motoci su karkata ta ɗaya gefen.

Kada wani ya ce to ai magana ta ƙare lafiya. Ba ta ƙare ba. Duk ihun da aka yi ranar, na kuɗin motar da aka ci musu ne. Ba wanda ya juya ya dubi tsohon da ke tsaye da tsinken ƙarfe a hannu ya ce, baba, mun yi maka dariya, ka yafe. Mai maganar cire haƙori sulalewa ya yi. Shugaba kuwa abin da ya iya cewa shi ne, "Ai da ka faɗa tun farko." Wato laifin ma nasa ne! Mutum ya tsufa a bayan gidanka yana tallafe da abincinka, ba ka taɓa leƙawa ka ce sannu ba, sannan ka ce don me bai yi shela ba. Kuma mu faɗi gaskiya: da yawa sun fi son a ce Kaduna. Ya fi daɗin faɗa a majalisa a kan a ce wani ɗan Kambari mai keke ne ya cece ka.

Baba Ɗangana, kai ne mai hura wuta a cikin ruwa ta kama. Kai ne ake kawo wa ɓarnar gaggawar wasu, ka zauna ka warware ta da haƙurinka, ka mayar a buhu wani ya je ya karɓi godiya. Ba ka taɓa ce wa inji ya mutu ba sai ka gwada. Ba ka taɓa tambayar ko na Musulmi ne ko na Kirista, na Bagunge ne ko na Bahaushe ba. Rami ne da abu ya karye a ciki, shi ke nan.

Amma kai ma za a gaya maka: shirunka ya yi yawa. Ka rufa wa mutanen da ba su rufa maka ba. Ranar da ya kamata su tashi su ce mun san shi, takalmansu suka duba. Kada ka ƙara kiran kanka baƙo. Wanda rabin injunan gulbin nan suka bi ta hannunsa, in shi baƙo ne, to ban san ɗan gari ba.

Ku kuma makanikai, ba a ce ku daina karya taf ba, hannu ne, yana kuskure. Ku daina ƙarya. Ka karya, ka ce na karya, ga wanda zai cire, mu je tare. Matasan cikinku da ke ganin sun iya, ku je ku zauna kusa da shi tun idonsa na gani, ku koyi yadda ake naɗa wayar nan da yadda ake sauraron kukanta. Ba zai hana ku ba. In ya tafi da ita a kansa, ranar za ku san nisan hanya da gaske.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya ƙara wa bayanka ƙarfi, ya sa 'ya'yanka su ci albarkacin wannan zama da ka yi a duƙe.

Saura abu ɗaya. Jan fentin da kwamiti ya shafa a ƙofarka, alamar rushewa, har yau yana nan, wai an manta. To mu ba mu manta ba. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci za mu zo da farin fenti mu shafe shi, mu rubuta sunanka a wurin da manyan baƙaƙe, yadda mai saukowa daga jirgi zai hango. Duk wanda ya tashi tsaye a inuwar mangwaro ya zo da buroshinsa. Inna Ramatu ta ce Surajo ne zai riƙe bokiti.